“Lafiya lau” ba maki ba ne: yadda ake auna manhajojin lafiya da takardar tambayoyi

Tun watan Disambar 2018 da aka buɗe hanyar sabunta katin inshorar lafiya ta waya, mutane da yawa a nan Gana sun huta da sammakon kama layi a ofishin NHIS. Ka danna *929#, ka biya da MoMo, shi ke nan. Kafin wannan ma akwai mPedigree, wadda Bright Simons ya kafa a 2007, inda mutum zai kankare jikin kwalin magani, ya tura lambar da ya gani ta saƙon waya, a amsa masa ko maganin na gaskiya ne ko jabu. Yanzu kuwa abin ya wuce nan. Wayoyin ƙannenmu da 'ya'yanmu cike suke da manhajoji. Wannan tana ƙirga wa mace kwanakin al'ada, waccan tana tuna wa mai ciwon suga lokacin shan magani, wata ta haɗa ka da likita ta bidiyo, wata kuma ta ce wai da yatsa ɗaya za ta auna maka hawan jini.

To, wa ke cewa wannan mai kyau ce, waccan ba ta da kyau? Magani dai mun san akwai hukumar FDA da ke duba shi kafin a yarda ya shiga kasuwa. Manhaja fa? Sau da yawa hujjar da ake riƙewa takarda ce mai tambayoyi goma ko ashirin, da aka ba waɗanda suka yi amfani da abin suka cike. Duk lokacin da kuka ji wata ƙungiya ta ce “kashi kaza cikin ɗari na masu amfani da tsarinmu sun gamsu”, daga irin wannan takarda lambar ta fito. Kuma lambar nan tana da nauyi. Da ita ake komawa wurin masu ba da tallafi a nemi ƙarin kuɗi, da ita ake shawo kan ma'aikatar lafiya a faɗaɗa aiki daga gunduma ɗaya zuwa goma, da ita kuma ake yanke cewa babu abin da za a gyara.

Ni malamar makaranta ce, tsara tambaya sana'ata ce. A kwalejin horar da malamai akwai darasi guda da ake koyarwa kan jarrabawa kanta, kuma abubuwa biyu ake nanata mana har mu gaji. Na farko, shin jarrabawar tana auna abin da ta ce za ta auna? Na biyu, in aka sake yin ta gobe, za ta ba da sakamako makamancin na yau? Da na fara karanta yadda ake auna manhajojin lafiya sai na tarar ma'aunan nan biyu ne dai, an sauya musu riga kawai.

Takardun da aka fi amfani da su

Wadda ta fi kowacce tsufa da yaɗuwa ita ce SUS. Wani Bature ɗan Ingila, John Brooke, ya tsara ta a 1986 yana aiki da kamfanin kwamfuta na Digital Equipment Corporation. Lokacin babu wayar hannu irin tamu, don kwamfutocin ofis aka yi ta. Jimloli goma ne. Ana karanta jimla, mutum ya zaɓi ɗaya daga matakai biyar, daga “ban yarda ba sam” zuwa “na yarda ƙwarai”. Wannan salo na matakai ya girme ta ma, Rensis Likert ne ya fito da shi a 1932. Dabarar Brooke ita ce ya cakuɗa jimlolin: ta ɗaya yabo, ta biyu kushe, ta uku yabo, haka har goma. Misali wata ta ce abin yana da sauƙin amfani, mai bi mata ta ce sai da taimakon masani za a iya amfani da shi.

Lissafin ba wuya. A jimlolin yabo ana cire 1 daga lambar da mutum ya zaɓa. A na kushe ana cire lambar daga 5. A tara duka, a ninka da 2.5, sai maki ya fito tsakanin 0 da 100. In mutum ya ba kowace jimlar yabo 4, ya ba kowace ta kushe 2, an samu 30, an ninka, ya zama 75. Wani mai bincike, Jeff Sauro, ya tattara sakamakon gwaje-gwaje kusan 500 ya ga matsakaicin yana kan 68, shi ya sa za ku ji ana cewa manhajar da ta haura 68 ta wuce matsakaici. A lura fa, 68 ɗin nan ba kashi 68 cikin ɗari ba ne, kuma ba a Aboabo ko Nima aka tattara shi ba.

Akwai abin da ya burge ni a wannan lissafi. Duk wanda ya ba da amsa iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ko “na yarda ƙwarai” ya riƙa cewa ko “ban yarda ba sam”, maki 50 zai bayar, ba ƙari ba ragi. Ku gwada da biro ku gani. Wato an ɗana tarko ne don mai gyaɗa kai ba tare da ya saurara ba. Mu ma haka muke yi a aji, kada ɗalibi ya cike “gaskiya ne” daga sama har ƙasa ya ci rabin maki a banza.

Amma SUS ba ta san komai game da lafiya ba. Manhajar wasa da manhajar allurar insulin duk ɗaya ne a wurinta. Shi ya sa a 2015 Stoyan Stoyanov da abokan aikinsa a wata jami'a da ke birnin Brisbane na Ostareliya suka fito da MARS, mai tambayoyi 23. Ita tana duba ko manhajar tana jan hankalin mutum ya ci gaba da amfani da ita, ko tana aiki ba tare da tangarɗa ba, kyan fasalinta, da ingancin bayanan da ke cikinta. Sannan akwai tambayoyi huɗu na ra'ayi: za ka tallata ta ga wani, sau nawa za ka yi amfani da ita a shekara mai zuwa, za ka biya kuɗi dominta, taurari nawa za ka ba ta. Don masana aka yi MARS, waɗanda aka horar. A 2016 aka fitar da ta gama-gari mai suna uMARS, aka rage tambayoyin zuwa 20. Cikin ukun da aka cire har da wadda ke tambaya ko an taɓa gwada manhajar a binciken kimiyya. Dalilin cirewar a fili yake, talaka ba shi da hanyar sanin wannan. Sai dai ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Sai MAUQ, ta Leming Zhou da abokansa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, 2019. Kashi huɗu ce: ta majiyyaci da ta ma'aikacin lafiya, kowacce kuma akwai ta manhajar da ake hulɗa da likita ta cikinta mai jimloli 21, da ta wadda mutum ke amfani da ita shi kaɗai mai 18. Matakanta bakwai ne, ba biyar ba. Akwai wasu da dama, amma waɗannan ukun ne za ku fi cin karo da su.

Gamsuwa daban, gaskiya daban

A tsakanin 2014 da 2015 an sayar da wata manhaja a Amurka mai suna Instant Blood Pressure a kan dala 4.99. Ka ɗora kan wayar a ƙirjinka, ka sa yatsa a kan kyamara, ta ba ka awon jininka. An sayar da aƙalla 148,000, ta daɗe cikin jerin manhajojin da aka fi saye. Mutane sun so ta. Wa zai ƙi? Ba layi, ba ɗaure dantse, ba nas mai haɗe rai.

A 2016 likitoci a Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi mata a kan mutum 85, suna kwatanta ta da ma'aunin asibiti. Cikin waɗanda jininsu ya hau da gaske, kusan huɗu cikin kowane biyar manhajar ta nuna musu jininsu bai hau ba. A ƙarshen shekarar hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhumi kamfanin da yaudara, har da zargin cewa ɗaya daga cikin masu kamfanin ya shiga ya ba manhajarsa taurari biyar ba tare da ya bayyana ko shi wane ne ba.

Ku yi tunani, da SUS aka ba masu amfani da wannan manhaja, maki nawa za ta ci? Mai yawa mana. Tana da sauƙi, ba ta buƙatar masani, kuma tana faɗa wa mutum abin da ransa ke so ya ji. Takardar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta ta amsa. Tambayar da ta kamata, wato ko awon daidai ne, ba mai amfani ne zai amsa ta ba, sai an ajiye ma'aunin gaske a gefe an kwatanta. Ita ce irin tambayar da aka cire daga uMARS. A wannan shekarar ta 2015 ma wasu masu bincike a Landan sun duba manhajoji 46 masu lissafa adadin insulin, suka ga kusan biyu cikin uku suna iya ba da adadin da bai dace ba. A zangonninmu da kusan kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa mai hawan jini ko suga, wannan ba labarin nesa ba ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ranar da na yi wa Gwaggo tafinta

Matsalar da ta fi damuna kuwa tamu ce, ta harshe da ɗabi'a. Bara wasu matasa biyu suka shigo gidanmu da kwamfutar hannu. Wata ƙungiya ce ta turo su, wadda ta sa sunayen masu hawan jini a wani tsarin da ke kiran waya yana tuna musu shan magani. Gwaggona tana ciki. Ba sa jin Hausa, ita kuma Turancinta na kasuwa ne, Twi ɗinta ma na ciniki, sai aka kira ni. Yara ne masu ladabi, sun durƙusa sun gaishe ta, suna ce mata Hajiya. Ta sa aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa.

Jimla ta farko, abin yana da sauƙin amfani. Na fassara. Ta ce, “Alhamdulillahi, ba laifi.” Yaron ya dube ni, yana jiran lamba. Na ce, “Gwaggo, cewa suka yi ki zaɓa: kin yarda ƙwarai, ko kin yarda kawai, ko kina tsakiya?” Ta ce, “Ke Ticha, yarda ai yarda ce, har kashi-kashi gare ta? Ce musu na yarda, Allah ya saka da alheri.” Haka muka yi har ƙarshe. Da aka zo kan ko tana buƙatar taimakon masani, ta ce a'a, kuma gaskiyarta, jikanta ɗan aji biyar ba masani ba ne. Da aka tambaye ta ko za ta biya kuɗi saboda abin, nan ne kawai ta ɗaure fuska ta ce a'a da ƙarfi, don ta ɗauka shirin sa musu kuɗi ake yi.

Suna fita ta ce mini, “Ni fa abin nan ban taɓa jin me yake cewa ba. Turanci yake yi. In yaron nan yana makaranta ya kira, kashewa nake.”

Na ce, “Haba Gwaggo, me ya hana ki faɗa musu?”

Ta ce, “Sun tambaye ni ne? Kuma 'ya'yan mutane sun taso cikin ranar nan, sun ba ni abu kyauta, in dubi idonsu in ce ba shi da kyau? Wannan ai ba tarbiyya ba ce.”

Na bi su ƙofar gida na gaya musu. Ɗayan ya ji ba daɗi, amma ya nuna mini fuskar kwamfutar: lambobi ne kawai, babu gurbin rubuta magana.

Masu bincike sun san wannan ɗabi'a, suna da sunaye da suke kiran ta, kuma ba a wurinmu kaɗai take ba. Sai dai a wurinmu saiwarta ta yi zurfi. Mu ne fa mutum yana kwance a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu, ka ce “yaya jiki?” ya ce “da sauƙi.” Baƙonka Annabinka, haka aka rene mu. Kalmar “ban yarda ba” da Bature ke faɗa ba tare da ya ji komai ba, a bakin dattijuwar Bahaushiya tana da kaifi, kusan faɗa ce. Muna da hanyoyinmu na kushe abu, amma ba sa kan matakan Likert. “Ba laifi” daban, “to, da dama-dama” daban, “sai haƙuri” kuwa duk mai jin Hausa ya san an kai bango. Mai riƙe da kwamfuta da ba ya jin harshen zai ga murmushi ne kawai, ya danna 4.

Ga kuma wani rami da ko malaman Hausa kan manta da shi. In ka ce wa Bahaushe, “Ba ki sha wahala ba?” ta ce “eh”, nufinta eh, ban sha ba. Bature a wannan wuri kalmarsa ta a'a zai faɗa. To in tafinta ya juya “eh” ɗin nan kai tsaye zuwa Turanci, an rubuta kishiyar abin da ta ce. Rabin jimlolin SUS kushe ne, kuma mai fassara da baki yakan mayar da su tambayoyi masu “ba … ba” don su yi laushi. Kun ga tarkon da Brooke ya ɗana wa mai gyaɗa kai ya koma yana kama mai gaskiya.

Matakai bakwai na MAUQ kuwa, ni da nake koyarwa sai na yi da gaske kafin in jera su da Hausa ba tare da biyu sun zama abu ɗaya ba. Balle a karanta wa mace tana tuyar ƙosai, ta riƙe bakwai a ka, sau ashirin da ɗaya.

Wace Hausar ma?

Fassarar irin wannan takarda tana da ƙa'ida, ba a yin ta a tsaye a tsakar gida kamar yadda aka sa ni. Tun 1970 Richard Brislin ya bayyana hanyar da ake bi har yau: mutum ɗaya ya fassara zuwa harshen da ake so, wani daban da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Turanci, a ajiye biyun a kwatanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da cewa masana su zauna su duba, sannan a gwada a kan mutane kaɗan irin waɗanda za a tambaya. A wannan gwajin ba amsa ake nema ba. Cewa ake yi, “Faɗa mini da bakinki, me kika ji an tambaye ki?” Ni wannan matakin na fi ba muhimmanci, don shi nake yi a aji duk ranar da na ga yara talatin sun faɗi tambaya ɗaya. Sau tari ba darasin ne ba su gane ba, tambayar ce.

Ko an bi ƙa'idar ma, sai an tambaya wace Hausa. In aka kawo fassarar da aka yi a Kano, kalmar “manhaja” da nake ta amfani da ita a nan Gwaggo ba ta san ta ba, “abin waya” take cewa. Hausar zango ta sha ruwan Twi da Turanci, kuma da yawa daga masu yin ta Dagomba ne, Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani, waɗanda Hausa ce harshensu na biyu ko na uku. Sannan Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantun boko, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Sakamakon haka akwai dubban mutane da ke magana da Hausa tun suna goye amma ba su saba karanta ta da boko ba. Wasu dattawan ajami ya fi musu sauƙi. Don haka buga takardar da Hausa a miƙa wa mutum bai warware komai ba, dole a karanta masa. Da zarar an karanta masa kuwa, ga baƙo zaune a gabansa, kunya da kara sun dawo.

A rahotanni za ku ga wata lamba da ake kira alfa ta Cronbach, wadda Lee Cronbach ya gabatar a 1951. Tana nuna ko tambayoyin takarda suna tafiya tare, kuma in ta kai 0.7 akan ce takardar abin dogaro ce. Kada lambar ta rufe muku baki. In dukkan jimlolin yabo ne, wasu mutane suna amsa komai da “na yarda ƙwarai” don kara, wasu suna tsayawa a tsakiya a komai don gudun magana, lambar za ta yi kyau ƙwarai. Ta nuna amsoshin sun jitu da juna, ba ta nuna sun jitu da abin da ke faruwa a gida ba.

Waɗanda ba a tambaya, da abin da ba a tambaya

Wa ake ba takardar? Galibi wanda har yanzu yake amfani da abin. Wadda ta gwada sau biyu ta gaji ta goge, babu mai bin ta. Kamar in auna koyarwata ne da yaran da suka rage a aji bayan masu shan wahala sun daina zuwa. In kuma ta WhatsApp aka tura tambayoyin, to an riga an tace: mai babbar waya, mai data, mai karatun Turanci. Uwarsa mai ƙaramar wayar nan ta madannai, wadda samarinmu ke yi wa laƙabi da sunan doya, ba ta shiga lissafi ba, alhali ita ce mai ciwon.

Takardun nan kuma sun ɗauka mutum ɗaya, waya ɗaya. A gidajenmu waya ɗaya tana iya bi ta hannun mutum huɗu kafin dare. Saƙon da ya ce “yau ne ranar allurarki ta tazarar haihuwa”, ko na karɓar maganin cutar da mutum bai gaya wa kowa ba, in ya faɗa hannun miji, ko uwar miji, ko abokiyar zama, yana iya kashe aure. Babu jimla a SUS da ta tambayi wannan. Babu wadda ta tambayi sidi nawa na data abin ke ci a wata. Babu wadda ta tambayi mai ciwon suga ko manhajar ta san da azumi, ko kuwa da ƙarfe ɗayan rana a watan Ramadan take buga masa ƙararrawa ya sha magani, ba tare da ta ce ya je ya ga likita a sake tsara masa lokutan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an bar masa gurbin faɗa.

Ba sabon darasi ba ne a ƙasar nan. A 2010 Hukumar Lafiya ta Gana da Gidauniyar Grameen da Jami'ar Columbia suka fara tsarin MOTECH a yankin Kassena-Nankana da ke arewa maso gabas, suna aika wa masu juna biyu bayanai mako-mako. An ba matan zaɓi tsakanin rubutaccen saƙo da murya cikin harshensu, kusan dukkansu suka zaɓi murya. Ba takarda mai matakai biyar ce ta gano wannan ba, zaɓi aka ba su aka ga abin da suka ɗauka.

Maganar sirri ma ba a bar ta ga ra'ayin mai amfani, don ba ya ganin inda bayanansa ke tafiya. A Ingila, a 2015, an binciki manhajoji 79 da hukumar lafiyarsu ta NHS ta amince da su ta jera a rumbunta. Cikin 35 da ke aika bayanan da za a iya gane mutum da su ta intanet, 23 ba sa kulle bayanan. A ƙasar da ake tantancewa ke nan. Mu nan muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, da hukumar da ke kula da ita. Saboda haka in masu tambayoyi suka zo gidanku, haƙƙinku ne ku ji wa ya turo su, ina za a kai amsoshin, kuma ko sunanku zai bi su. Haƙƙinku ne ku ƙi amsawa, kuma bai halatta a hana ku magani saboda kun ƙi ba. Duk wanda ya nemi lambar sirrin MoMo da sunan binciken lafiya, ɓarawo ne, ku kashe wayar.

Ba cewa nake a yar da takardun ba. Suna da arha, suna ba da damar kwatanta manhajar bana da ta bara, kuma in aka fassara su da kyau suna tona matsaloli na gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoran da ta fitar a watan Afrilun 2019, ta karɓi irin waɗannan hanyoyi na waya, tare da jan kunne cewa ba za su maye gurbin asibiti mai aiki da ma'aikata da magani ba. Jamus kuwa tun dokar da ta yi a ƙarshen 2019 likita na iya rubuta wa majiyyaci manhaja kamar yadda yake rubuta ƙwaya, inshora ta biya, amma sai kamfanin ya kawo shaidar cewa abin yana amfanar majiyyaci kafin ya zauna a jerin dindindin. Taurari biyar ba sa isa.

Abin da zan roƙi masu irin wannan aiki a zangonninmu kaɗan ne. Su ɗauki 'yan unguwa masu jin harshen su horar da su, mace ta tambayi mace. Su ce tun farko, “Ba mu muka yi abin nan ba, an aiko mu ne mu nemo laifinsa,” don wannan jimla kaɗai tana kwance wa dattijuwa baki. Su rage matakan, ko su raba tambayar biyu: da farko mai sauƙi ne ko mai wuya, sannan kaɗan ko sosai. Maimakon “kin gamsu?” su ce “yaushe rabonki da amfani da shi, wa ya danna miki, me ya ce?” Su bar fili a ƙasa na rubuta magana. Su kuma nemi waɗanda suka daina.

Sannan gani ya kori ji. Masu tsara manhajoji suna da wani gwaji da ya girmi yawancin takardun nan: a miƙa wa mutum waya, a ce ya yi abu kaza, a yi shiru a kalle shi. Jakob Nielsen, wanda ya yi suna a wannan fanni, ya daɗe yana cewa mutum biyar sun isa su tona mafi yawan matsalolin amfani da ke cikin manhaja, muddin irin mutanen da aka yi abin dominsu ne. Ana duba inda yatsa ya tsaya, inda aka kira yaro, minti nawa aka ɗauka, mutum nawa suka kai ƙarshe. Mata biyar masu hawan jini ba su da wuyar samu a layinmu. Sai dai a zo bayan la'asar, lokacin an dawo daga kasuwa, kuma a zo ranar makaranta kafin jikoki su dawo daga Islamiyya.